Mayar da gyaran da aka yi ba intanet zuwa rumbun bayanai ba tare da gyaran wani ya danne na wani ba

Tambaya: Ina gina manhajar da ma'aikata ke amfani da ita a inda babu sabis. Suna sauko da bayanai a waya, su gyara wasu, su ƙara sababbi, su goge wasu, in sabis ya dawo sai manhajar ta tura komai zuwa babban rumbun bayanai. Damuwata ita ce in mutum biyu suka taɓa abu ɗaya, gyaran ɗaya yana ɓacewa ba tare da kowa ya sani ba. Yaya ake mayar da irin wannan gyara, kuma me ake yi in an ci karo?

Amsa: Abin da ke cinye gyaran ma'aikatanka shi ne wayar tana gaya wa sabar yadda layin bayani yake a hannunta yanzu, amma ba ta gaya mata yadda ta same shi kafin a taɓa shi. Sabar kuwa ba ta da hanyar sanin cewa abin da wayar ta dogara da shi ya tsufa, sai ta karɓa ta rubuta a kan na wanda ya riga. Saboda haka duk gyaran da zai tashi daga waya ya tafi da shaidar sigar da aka gina shi a kanta, sabar ta gwada shaidar da abin da ke rumbu a daidai lokacin rubutawa. Sauran aikin duk a kan wannan yake zaune.

Kada ka yi tunanin kulle layi har mai waya ya dawo. Kulle na aikin daƙiƙu ne. Wanda ya tafi da bayani na iya yin kwana uku bai samu sabis ba, wayar ma na iya ɓata, ka ga layin ya zauna a kulle ke nan. Hanyar da ta dace ita ce a bar kowa ya yi gyaransa, a bincika karo a lokacin ajiyewa.

A cikin wayar, ko SQLite kake amfani da shi ko IndexedDB na burauza, kowane layi yana buƙatar abu uku bayan bayanin kansa: kwafin asali kamar yadda ya sauko, lambar sigar da ya sauko da ita, da halin da yake ciki, wato sabo ne, an gyara, an goge, ko ba a taɓa ba. Sannan ka yi tebur na daban na ayyukan da ke jiran turawa, a jere bisa yadda aka yi su. Rubuta gyaran da shigar da shi cikin jerin nan su kasance cikin tiranzakshan ɗaya, wato dunƙulen aikin da ko ya shiga gaba ɗaya ko kada komai ya shiga. In ka raba su, ranar da batir ya mutu a tsakani za a sami gyaran da mai waya ke gani a fuskar manhaja amma ba zai taɓa barin wayar ba. In da .NET kake aiki, DataSet ya riga ya yi maka rabin wannan: kowane DataRow yana riƙe da RowState, yana kuma riƙe da ƙimar Original da ta Current. Sai dai ka kula, in ka kira AcceptChanges kafin Update, duk layukan za su koma Unchanged, kwafin asali ya tafi, Update ya gudu lafiya lau bai tura komai ba, bai kuma yi ƙorafi ba.

A rumbun, ƙara wa kowane tebur gurbi ɗaya na lambar siga. Umarnin gyara sai ya zama kamar haka:

UPDATE abokan_hulda
SET adireshi = :sabon_adireshi, siga = siga + 1
WHERE lamba = :lamba AND siga = :sigar_da_ta_sauko;

Sai ka duba adadin layukan da umarnin ya shafa. In 1 ne, gyara ya shiga, ka mayar wa waya sabuwar lambar siga. In 0 ne, an ci karo, kuma dalilin ɗaya ne cikin biyu: ko wani ya gyara layin sigar ta wuce, ko an goge shi. Karanta layin ka ga wanne ne. Rumbun ba zai jefo maka kuskure a kan sifilin nan ba, domin a wurinsa umarnin da bai sami layi ba umarni ne da ya yi nasara. Kai ne za ka duba, ko laburaren da kake amfani da shi: DataAdapter na jefo DBConcurrencyException, Entity Framework na jefo DbUpdateConcurrencyException, a JPA kuma gurbin da ka yi wa alamar @Version ne ke kawo OptimisticLockException.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a fara karanta siga da SELECT, a gwada a cikin manhajar sabar, sannan a aika UPDATE marar sharaɗi. Tsakanin karantawar da rubutawar akwai 'yar tazara, kuma in wayoyi biyu suka iso tare dukansu za su ga siga 7, dukansu su wuce. Gwajin ya zauna cikin WHERE na umarnin rubutawa kansa.

A SQL Server akwai nau'in rowversion, mai bayit 8, wanda rumbun ke canzawa da kansa duk sanda aka taɓa layi. Amfaninsa shi ne ko wani ya yi gyara ta bayan fage, bai bi ta manhajarka ba, lambar za ta motsa. Tsohon sunansa timestamp, amma babu kwanan wata ko sa'a a cikinsa. In lambar hannu kake ƙarawa, ka tabbata duk hanyar da ke rubutu a teburin tana ƙara ta, ko ka ɗora aikin a kan tiriga, wato umarnin da rumbu ke gudanarwa da kansa duk sanda aka taɓa layi. Idan kuma tsakanin waya da sabar HTTP ne, tsarin ya riga ya tanadi wannan: sabar ta ba da ETag, wato alamar siga, waya ta dawo da shi cikin If-Match, in bai dace ba amsa ta zama 412, wato sharaɗin bai cika ba.

Akwai masu gwada duk guraben layin da ƙimarsu ta asali maimakon lambar siga, abin da CommandBuilder na ADO.NET ke yi in ba ka canza masa ba. Yana aiki in ba ka da ikon taɓa fasalin tebur, amma yana da ƙaya. A SQL, gwada gurbi da NULL ta alamar daidai ba ya taɓa ba da gaskiya, don haka duk layin da ke da gurbin da ba a cika ba zai riƙa zuwa kamar an ci karo sai ka yi masa sharaɗin IS NULL na musamman. Lambobi masu ɗigo da lokuta kan rasa 'yan lambobin ƙarshe a hanya tsakanin rumbu da waya, su ma su haifar da karon ƙarya. MySQL kuma a asalin saitinsa yana ƙirga layukan da suka canza ne, ba waɗanda aka samu ba, sai gyaran da ya rubuta abin da dama ke wurin ya dawo da 0. Lambar siga mai ƙaruwa ta kauce wa duk wannan.

Agogon waya kuwa kada ka ba shi hukunci. Mutane na canza shi da hannu, yana gudu, yana ja baya. In agogon waya ɗaya ya yi gaba da kwana biyu, duk gyaran da ta yi zai riƙa cin gardama har kwana biyu bayan yin sa. Ajiye lokacin waya don nuna wa mutum kawai.

Sababbin layuka na da tasu matsalar. In rumbun ne ke ba da lambar shaida mai hawa ɗaya bayan ɗaya, waya ba ta san lambar da za ta samu ba, amma tana buƙatarta nan take don ta ɗaura 'ya'yan layin a kai, misali takardar oda da kayan da ke ƙarƙashinta. Mafi sauƙi shi ne waya ta ƙirƙiri UUID da kanta, lamba mai bit 128 da ba a fargabar ta zo ɗaya da ta wata wayar. In kana jin tsoron warwatsewar fihirisa, wato jerin da rumbu ke bi don gano layi da sauri, siga ta 7 ta UUID, wadda RFC 9562 ya tsara a 2024, tana farawa da lokaci, don haka sababbi na jeruwa kusa da juna. In dole ne sai lambar rumbu, ba wa sababbin layuka lambar wucin gadi ta ƙasa da sifili, -1, -2, haka, in sabar ta dawo da ta ainihi ka sauya ta a uwa da 'ya'ya da duk ayyukan da ke cikin jeri. Wannan na ƙarshen ne ake yawan mantawa. Wajen turawa, shigar da uwa kafin 'ya'ya, goge 'ya'ya kafin uwa, in ba haka ba dokar alaƙar tebura za ta ƙi.

Yanzu ga wurin da ya fi wahalar ganewa in ya lalace. Waya ta tura gyara a kan siga 7, sabar ta rubuta, siga ta koma 8, sai sabis ya yanke kafin amsa ta iso. A wurin waya aikin bai shiga ba, sai ta sake turawa da siga 7. Sabar ta duba ta ga 8, ta ce an ci karo. Da wa? Da kansa. Mai waya zai ga allo yana tambayarsa ya zaɓa tsakanin gyaransa da gyaransa. In kuwa aikin na ƙara sabon layi ne mai lambar rumbu, ko na rage adadi, to zai shiga sau biyu. Maganinsa kowane aiki a jeri ya sami lambar shaidarsa tun a waya, lambar da ba ta canzawa komai yawan maimaitawa. Sabar ta riƙe teburin ayyukan da ta riga ta aiwatar, da dokar hana maimaici a kan lambar, ta rubuta a ciki cikin tiranzakshan ɗaya da gyaran. In lambar ta sake zuwa, ta mayar da amsar farko, kada ta sake aiwatarwa. Waya kuma kada ta cire aiki daga jeri sai amsa ta iso hannunta. In turawa ta gaza ta jira daƙiƙa 2, sai 4, sai 8, har zuwa wata iyaka, da ɗan bambancin lokaci da kowace waya ke zaɓa ba bisa wani tsari ba don kada duk wayoyi su afka wa sabar lokaci guda.

Wani ɗan'uwan wannan: mutum ya sake gyara layin alhali turawar farko na kan hanya. In amsa ta iso ka share alamar "an gyara" kai tsaye, gyara na biyu ya ɓata. Abin yi shi ne ka sabunta kwafin asali da lambar siga, amma ka bar alamar in akwai aikin da ya shigo jeri daga baya, ka kuma ɗora shi a kan sabuwar sigar.

To, an gano karo. Me za a yi da shi? A ganina babbar ɓarna ita ce a zaɓi doka ɗaya a shimfiɗa wa duk bayanai. Kowane irin gurbi da abin da ya dace da shi.

Yawancin abin da lambar siga ke kamawa ba karo ne na gaske ba. Ɗauki layin abokin hulɗa a siga 7. Ma'aikaci a waje ya gyara adireshi, wani a ofis ya gyara lambar waya, siga ta koma 8. Nan ne kwafin asali ke biyan kuɗinsa. Jera uku gefe da gefe, asali, na waya, na sabar, ka bi gurbi gurbi. Adireshi: na waya ya bambanta da asali, na sabar bai motsa ba, ɗauki na waya. Lambar waya: na sabar ne ya motsa, bar shi. In duka biyun sun canza gurbi zuwa abu iri ɗaya, babu magana. Sai inda duka biyu suka canza gurbi ɗaya zuwa abu daban ne ake da gardama. Bayan haɗawa ka sake aika UPDATE da sharaɗin siga 8, domin kafin ka gama haɗawar wani na iya kai ta 9. Amma ka lura da guraben da ke tafiya tare. In ɗaya ya canza gari, ɗaya ya canza titi, haɗa su zai ba ka adireshin da babu shi a duniya. Haka adadi da ma'auninsa, haka ranar farawa da ranar gamawa. Irin waɗannan ka ɗaure su rukuni guda, taɓa ɗaya tamkar taɓa duka ne.

Adadi da ake ƙarawa ko ragewa ba a haɗa shi ta wannan hanya. A ce akwai kaya 40 a sito lokacin da wayoyi biyu suka sauko da bayani. Ɗaya ya fitar da 5, wayarsa ta nuna 35. Ɗaya ya fitar da 8, tasa ta nuna 32. Duk wanda ka zaɓa cikin 35 da 32 ƙarya ne, abin da ya rage a sito 27 ne. Don haka waya kada ta tura sakamako, ta tura abin da aka yi: a rage 5, a rage 8. Ya fi ma kyau kowace fitarwa ta zama sabon layi a teburin shige da fice, a riƙa lissafo jimilla daga can. Sababbin layuka ba sa karo da juna, kuma kana da tarihin wanda ya yi me. Duk inda za ka iya mayar da gyara ya zama ƙari, yi haka, domin karon da ka kauce masa tun a fasali ya fi wanda za ka zauna warwarewa sauƙi.

Ko da haka akwai saura. Kaya 10 ne, ɗaya ya fitar da 7, ɗaya ya rubuta 6, jimilla ta faɗa -3. Babu dabarar lissafin da za ta gyara wannan, hukunci ne na masu harkar. In aikin ya riga ya faru a zahiri, ƙin karɓarsa ba zai dawo da kayan ba, gara a karɓa a ɗaga tuta wani ya bincika. In kuwa alƙawari ne aka yi, kamar ware wa mutum kujera ko kaya, to ko dai a nuna masa tun farko cewa sai sabar ta tabbatar, ko a raba wa kowace waya kasonta tun kafin ta fita, ta yadda ba za ta wuce shi ba.

Dokar "na ƙarshe ya ci" tana da wurinta: saitin da mutum ya zaɓa wa kansa, ko bayanin da mai shi ɗaya ne. Ita Firestore, rumbun bayanai na Google, ke bi in gyare-gyare da yawa suka faɗa kan takarda ɗaya, kuma tiranzakshan ɗinsa ba ya aiki in babu intanet, don haka in shi ka ɗauka ka san abin da ka saya. Rumbunan CouchDB da PouchDB sun bi wata hanyar: suna ajiye duk rassan da suka saɓa, su zaɓi ɗaya ta ƙa'idar da kowace na'ura za ta kai ga amsa guda, su bar maka sauran ka warware. In ba ka taɓa duba _conflicts ba, wato inda ake nuna rassan da suka saɓa, gyaran da ya sha kaye yana nan a ɓoye, ba wanda ke ganinsa. Tsarin CRDT kuma, wato fasalin bayanai da ke haɗe gyare-gyare da kansa, ya dace da rubutun da mutane da yawa ke gyarawa tare, yana tabbatar da cewa kowa zai ƙare da abu ɗaya, amma bai san cewa kaya ba sa sauka ƙasa da sifili ba.

Gogewa na buƙatar kulawa ta daban. In ka cire layi daga rumbu ɗungurungum, wayar da ba ta nan ba za ta taɓa jin labari ba, domin babu abin da za a sauko mata da shi. Wata rana ta gyara layin ta turo, in kuma sabar ɗinka na da halin "in babu a ƙirƙira", sai abin da aka goge ya dawo. Yi wa layin alamar an goge, ka ƙara sigarsa, ka bar shi ya sauka wayoyi kamar kowane gyara. Alamomin nan ba za su zauna har abada ba, don haka yanke wa'adi da ya fi tsawon lokacin da waya ke iya yi ba ta haɗu ba. Wadda ta wuce wa'adin ta tura abin da ke jerinta, sannan ta sauko da komai daga farko. Change Tracking na SQL Server, mai bin sawun layukan da suka canza, haka yake aiki, kuma asalin wa'adinsa kwana 2 ne kacal, wanda ya yi kaɗan ga ma'aikatan da ke daɗewa a waje. In gyara ya ci karo da gogewa, shawarata a ajiye gyaran a gefe a tambayi mutum, domin wanda ya ɓata lokaci ya gyara abu yana da dalili.

Akwai kuma karon da lambar siga ba ta gani sam. Ma'aikata biyu sun yi wa mutum ɗaya rajista, kowa da UUID ɗinsa. A idon rumbu layuka biyu ne lafiyayyu. Sai dokar hana maimaici a kan wani gurbi na zahiri ce za ta kama shi, kuma in ta kama dole ka tanadi hanyar haɗe biyun, ka mayar da 'ya'yan ɗaya ƙarƙashin ɗayan, ka sanar da wayar cewa lambarta ta koma wata.

Game da girman abin da ake turawa, kada ka zuba duk jerin cikin tiranzakshan ɗaya, in ba haka ba karo guda zai tsare ayyuka ɗari. Kada kuma ka tsinka shi layi layi har oda ta shiga ba kayanta. Iyakar tiranzakshan ita ce abin da ke da ma'ana a dunƙule. Sabar ta dawo da amsar kowane aiki daban, ta kuma bambanta gazawa iri uku: ta wucin gadi da za a sake gwadawa, karo da za a warware, da ƙi na dindindin, kamar bayanin da ya karya doka ko mutumin da aka cire wa izini yana waje. Na ukun nan in ka bar shi a kan gaba yana maimaituwa zai toshe jerin. Fitar da shi gefe tare da ayyukan da suka dogara da shi, sauran su wuce.

Wajen saukowa, waya ta riƙe alamar inda ta tsaya, alamar da sabar ta ba ta. A nan ma akwai rami. Rumbu na ba kowane canji lambarsa ta bi-da-bi tun kafin tiranzakshan ya kammala, don haka mai lamba 101 na iya kammalawa kafin mai 100. Wayar da ta zo a tsakani za ta ga 101, ta matsar da alamarta, 100 ya wuce ta har abada. A SQL Server ana tsayawa ƙasa da abin da MIN_ACTIVE_ROWVERSION ya bayar, wato mafi ƙanƙantar lambar da tiranzakshan ɗinta bai kammala ba. A wasu rumbunan ana komawa baya kaɗan a sake sauko da abin da aka riga aka gani, wanda ba ya cutarwa muddin waya na watsar da sigar da ba ta fi tata ba. Kuma abin da ya sauko kada ya rubuta a kan layin da ke da gyara mai jiran turawa.

In ya zama dole mutum ya yanke hukunci, nuna masa guraben da suka saɓa kawai, da ƙimar asali, da tasa, da ta ɗayan, da wanda ya yi ta. Duk abin da aka ƙi, ko mutum ne ya ƙi shi ko doka, a rubuta shi cikin teburin karo tare da lambar aikin, don a iya dawo da shi in an yi kuskure.

Kafin ka saki manhajar, gwada waɗannan da na'ura biyu: gyara gurbi ɗaya a duka biyun, gyara gurbi daban-daban a layi ɗaya, goge a ɗaya ka gyara a ɗayan. Sannan ka sa sabar ta rubuta amma ta ƙi mayar da amsa, ka kashe manhajar a tsakiyar turawa, ka juya agogon waya ɗaya gaba da mako guda. Ka gwada kuma wayar da ke ɗauke da tsohuwar manhaja da ayyuka a jerinta bayan ka canza fasalin tebur, wanda ke nufin kowane aiki ya tafi da lambar sigar fasalin da aka rubuta shi da shi, sabar kuma ta iya karanta aƙalla wanda ya gabata.